Randar da Ke Bayan Ƙofa

Ni ba na sa ido a gidan mutane, katangarmu ce gajera.

Da can gida goma sha ɗaya ke ginin tukwane a garinmu. Da roba ta shigo aka riƙa watsarwa, har ramin gashin tukwane ya koma juji. Saura maƙwabciyata, Maginiya, ita ma hannunta ya kama rawa, shekara bakwai rabonta da yumɓu. Kowa ya san ranar da ta tafi, sana'ar ta bi ta.

Bara sai matar autanta ta ce za ta koya, wai mutane sun gaji da ruwan roba mai ɗumi. Tsohuwa na nuni da baki, suruka na gini. Amma duk wadda ta gina, kafin ta bushe ta tsage.

"Inna, ko hannuna ne?"

"Hannunki ƙalau, surutu ne ya yi miki yawa. Tsingaro babu."

Ashe sai an daka tsingaron tukunyar da ta sha wuta an cuɗa da sabon yumɓu, sannan yake riƙe jikinsa. Suruka ta zaga gari da kwando, ta dawo da kunya. Tuni aka cike ramukan hanya da shi.

Tukunya ɗaya ta rage: randar da ke bayan ƙofar ɗakin Maginiya, ginin mahaifiyarta. Ko jikoki ba sa taɓa murfin.

Da hantsi ta sa aka fito da ita tsakar gida.

"Ke mai leƙe, zagayo ki sha kafin ya ƙare."

Na zagaya. Ruwan har haƙori yake kamawa, ga shi uku suka rage mini a baki.

"Inna, wallahi ba da hannuna ba," in ji suruka.

"Wa ya tambaye ki?"

Ta shafa wuyan randar, wurin da yatsan uwarta ya bar shaida, ta daɗe. Sannan ta dafa da hannu biyu ta ture ta kan dutse. Ta tarwatse, aka kwashe tsingaron aka daka.

Randa goma aka gasa, tara suka fito. Tsohuwa ta ƙwanƙwasa kowacce tana saurare. Da suruka ta ɗauki fasasshiyar za ta zubar, sai ta riƙe mata zani.

"Ajiye ta bayan ƙofa. Da ita za ki yi na gaba."