Tofin Malam Yahaya

Duk Ƙofar Marusa an san Malam Yahaya tela da abu biyu, tsabta da faɗa. To da keke napep ya kife da ɗiyarsa Ramla a hanyar Batagarawa, inda take koyarwa, aka yi mata tiyata aka sa mata ƙarfe a ƙauri, sai ya karɓe jinyar daga hannun kowa, har uwarta. A ganinsa babu mai hannun da ya isa.

Kullum da hantsi yakan zauna a bakin gadonta, ya ɗaga bandeji a hankali, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa a tafin hannu ya shafa gefen ɗinkin, sannan ya sunkuya ya hura. Haka mahaifinsa ya yi masa, haka shi ma ya yi wa 'ya'yansa tara. Ramla kuwa ba ta karyawa sai an yi.

Sati uku ciwo ya ƙi kamewa. Ƙafa ta kumbura, mugunya ta fara tsattsafowa, ga zazzaɓi. Aka mayar da ita asibiti, aka canza allura har kala uku, kamar an shuka dusa. Likita Sagir, wanda ya yi aikin, ya ce ƙwayar cutar da ta shiga ciwon irin wadda ba ta jin maganin da aka saba da shi ce, kuma in ta ci ƙashi sai an yanke ƙafar.

Nan fa Malam Yahaya ya tayar da ƙayar baya. Ya ce ƙazantar asibiti ce. Ya wanke nas-nas tas, ya bi masu shara yana nuna musu lungu da ɗan yatsa, har wata ta yi kuka. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Da likita ya ce za a goga auduga a hancin Ramla da na duk mai taɓa ciwon, Malam Yahaya dariya ya yi. Ina ruwan hanci da ƙauri? Ya dai miƙa nasa yana tsaki. An tambaye shi ko an taɓa yi masa tiyata, ya ce aikin ƙaba ne bara waccan, sati biyu ya kwanta, ya tashi garau.

Bayan kwana uku likita ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce hancin Ramla ba komai, na uwarta ba komai. A nasa aka sami ƙwayar, kuma irin ta cikin ciwon ce. Ya bayyana masa cewa ƙwayar takan zauna a hancin mutum shekaru ba ta sa shi ko atishawa ba, sau da yawa a kwanciyar asibiti ake ɗaukarta, tana jiran fata ta buɗe. Sannan ya tambaya ko yana buɗe bandejin.

Malam Yahaya ya sunkuyar da kai. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya dubi tafin hannunsa, fes, ko dattin farce babu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Likita, mi kake hwaɗi? Ni? Ɗiyata?"

"Baba, ba da gangan ka yi ba, kuma kai ma za a ba ka magani. Addu'a dai ba ta buƙatar a buɗe bandeji."

Ranar da la'asar aka shirya mayar da Ramla ɗakin tiyata, a cire ƙarfen a ga abin da ya rage na ƙashin. Babu wanda ya iya yi musu alkawarin za ta fito da ƙafa biyu. Ana tura gadonta ta hango babanta can jikin bango, da takunkumi a fuska, ya ƙi matsowa. Ba a gaya mata komai ba tukuna.

Ta roƙi masu turawa su dakata. Da kanta ta yaye zanen da ya rufe ƙafar, ta ce, "Baba, zo ka yi mini kahin a shiga da ni. Naka kaɗai nake jin sauƙinsa."

Ya mayar da hannuwansa bayansa ya riƙe su gam, yana girgiza kai, hawaye na jiƙa takunkumin. Tana kiransa har aka rufe ƙofar.