Gwiwar Alice da Marmaron Fatake

Tun da rashin tsaro ya raba su da gonarsu ta Dogon Dawa suka dawo cikin Birnin Gwari, Enoch ya zama mutumin kujera. Da safe ya fito da ita gindin mangwaro, da yamma ya mayar ɗaki. Mutumin da a da ba a tashi daga cin tuwo bai sa kowa dariya ba, yanzu daga "to" sai "a'a". Hanya ta yi sauƙi, maƙwabta sun fara leƙa gonakinsu, shi ko ƙofar gida ba ya son wucewa. Matarsa Alice ta yi lallashi, ta yi faɗa, har fasto ta turo masa, duk a banza.

Sai ta tsiri ciwon gwiwa.

"Baban Gloria, ƙafar nan za ta kashe ni," ta ce wata safiya tana ɗingishi. "An ce ruwan Marmaron Fatake na magani. Ni kuwa ba zan shiga daji ni kaɗai ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tashi ya nemo takalminsa.

Mota ta sauke su a Tsohon Birnin Gwari, daga nan suka hau babur suka ratsa ta cikin itatuwa. Ƙauyen da marmaron yake ƙarami ne amma tsoho. Ganuwarsa ta zaizaye ta zama tudu, awaki na hawa. A gindin wasu manyan tsamiyoyi ruwa ke ɓulɓulowa daga dutse, da ɗuminsa, yana ƙanshin kanwa. Mai babur ya ce nan fatake kan sauke kaya a zamanin da, su jiƙa ƙafafunsu, jakunansu su sha. Matakalar dutsen ma ta yi santsi, ta lotsa a tsakiya saboda sawun mutane. Kwarmin wanka biyu ne, na maza da na mata, an raba su da zana.

Alice ta ɗaura zani ta shiga ɓangaren mata. Ruwan ya kai mata ƙirji, ta ji wata gajiya da ba ta san tana ɗauke da ita ba tana sauka daga kafaɗunta. Wata dattijuwar Bafulatana ta matsa mata wuri, ta ce sunanta Halima, ciwon bayan mijinta ne ya kawo su. Suka taɓa hira kan jikoki da tsadar gishiri, amma kunnen Alice na wajen zana. Ta san Enoch: zai sami dutse ya zauna da takalminsa, ya jira ta.

Can sai wata murya ta tashi daga ɓangaren maza.

"Kai! Wa nake gani kamar Enoch mai masara?"

Sai muryar mijinta, a hankali: "Dabo? Ashe kana duniya?"

"Mijina ne," in ji Halima. "Sun san juna?"

Alice ta tuna shi. Dabo makiyayi ne da yakan sauka bayan gonarsu kowane rani, shanunsa su ci kara su bar taki. Tun da aka watse ba su sake jin labarinsa ba.

Ta ji an fantsama cikin ruwa. Ba a jima ba sai ga Enoch yana ba maza labarin ranar da saniyar Dabo ta cinye masa malafa a kan kututture, ya bi ta har rafi yana roƙonta ta bar masa ko igiyar. Dabo na rantsuwa cewa malafar ta riga ta mutu, saniya jana'iza kawai ta yi mata. Dariya ta cika wurin, ta Enoch ta fi ta kowa ƙarfi, har da tari. Alice ta ɗebi ruwa ta wanke fuska, ta sake wankewa. Halima ta kawar da kai, ta bar ta.

Da suka fito, Halima ta dama fura a inuwar tsamiya, Alice ta kwance gasasshiyar doyar da ta ƙunso. Enoch ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Maman Gloria, da safe hagu kike ɗingisawa. A tasha kuma dama."

"Ciwon yawo yake yi," ta ce ba ta ɗago ba.

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Dabo ya ce kwanan baya ya bi da shanu ta gefen gonarsu. Ciyawa ta cinye ta, bukka ta faɗi, amma itatuwan kashun da Enoch ya dasa sun yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa, birai ne ke shagali.

Enoch ya ajiye ludayi. "Birai? Kashuna?"

"Har da iyalansu."

Ya tambayi yadda hanyar take, da ko babur na wucewa ta rafi, da su wa suka koma. Dabo na amsawa yana zana masa a ƙasa da tsinke. Mai babur ya zo ya tsaya, ya ga ba ranar tashi, ya karɓi ƙwaryar fura shi ma ya zauna.