Tahamisi a Bakin Gadon Kafinta

"Rera masa waƙarsa ta yabon ma, ko Allah zai sa," in ji uwargidan Kafinta, tana yi wa mijinta fifita da guntun kwali.

'Yarsu ta gyara zama ta rera. Kafinta na kwance yana kallon silin da shi ya buga da hannunsa, leɓensa bai ko motsa ba. Tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye a bakin teburin aiki harshensa ya ɗaure, likita kuma ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a.

Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, yana zaune a kan benci da hula a gwiwa. Ya san waƙoƙin nan duka, domin babu irin da Kafinta bai taɓa ba. Ya yi yabo, ya yi bege, ya yi wa'azi, ya yi ta'aziyyar mutanen layin da suka riga shi, ya yi ta soyayya guda ɗaya wadda ya ce shi ba ya sakewa. Zambo kuwa, rabinsa a kan Tela ya sauka, har yau mata a famfo suna rera na wandon da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Malam Tela," uwargida ta rage murya, "ni ba waƙar ce ta dame ni ba. Na laƙƙana masa kalmar shahada har bakina ya bushe. Idonsa na bina, harshen ya ƙi. So nake in ji ta daga bakinsa kafin ya tafi."

"Allah ya san abin da ke zuciya."

"Ya sani. Ni ce ban ji ba."

Tela ya sunkuyar da kai. Can sai ya tuna waƙar wa'azin da Kafinta ya fi ji da ita, ta maginin ɗaki, 'yar ƙwar biyu, wato layi bibbiyu a kowane baiti. Baitinta na ƙarshe da kalmar shahada ya rufe shi, kamar yadda magabata suka saba rufe irinta.

Ya dubi 'yar. "Kin rera masa ta maginin ɗaki?"

"Tun da safe, Baba," in ji 'yar. "Har ƙarshe."

"To ai shi ne. Kin faɗa masa duka, ba ki bar masa gurbi ba."

Tun zamanin malaman farko akwai abin da ake kira tahamisi. Mutum ya ɗauki waƙar wani, ya sa layi uku nasa a gaban kowane baiti, layi biyun mai waƙa su zo su rufe, baiti ya zama ƙwar biyar. Tela ya daɗe yana roƙon a bar shi ya yi wa wannan waƙa haka, amsar kuwa ba ta taɓa sakewa ba: "Tahamisi faci ne, aikin teloli. Ina raye ba mai yi wa waƙata faci."

"Tahamisin za ka yi mata? Kai dai ka san halinsa," in ji uwargida. "In ya ji ka taɓa masa waƙa, ko a kwance yake sai ya nemi guduma."

"Da ma ya nema, ai da mun gode wa Allah."

Ya jawo benci kusa da gadon. Bai tanadi komai ba, a nan take zai ɗinka. Ya yi gyaran murya.

"Kafinta, ka gafarce ni, yau zan saɓa maka."

Sannan ya ɗauki karin waƙar, a hankali:

"Na zauna gun maƙwabci ina dubansa,
Na ga guduma ta yi shiru a hannunsa,
Na ce, me ka sani kan gida da mai shi da kansa?"

Ya tsaya nan, ya bar masa gurbi. Kwalin uwargida ya tsaya a iska. A waje wani mai kura ya wuce yana kiran a ba shi hanya. Sai maƙogwaron Kafinta ya motsa, wata murya ta fito, dusasshiya kamar an ja zarto a kan jiƙaƙƙen katako, amma kowace kalma a wurinta:

"Mai gina ɗaki baƙo ne a cikinsa,
Ƙofar da ya kafa ita za ta raka shi."

'Yar ta toshe baki da mayafi. Mutumin da ya kasa cewa a ba shi ruwa, ga shi ya kawo baiti cikakke, ko gaɓa ɗaya bai zubar ba.

"Ci gaba," uwargida ta ce da raɗa. "Don Allah ci gaba."

Ya ci gaba. Ya sa nasa uku, Kafinta ya rufe da nasa biyu, kamar masu miƙa wa juna bulo a kan gini. Amma numfashin maras lafiyan yana ƙara gajarta, baitocin kuwa da saura. Tela ya yi tunanin tsallakewa zuwa na ƙarshe, ya gwada. Kafinta ya yi gum. Bai taɓa rera waƙa a tsallake ba, ba kuma yau zai fara ba. Dole aka koma inda aka tsaya.

Ana gab da ƙarshe, gaggawa ta sa Tela ya cusa kalmar da ta yi wa layin yawa. Kafinta ya tsuke girar da ke motsi, ya kafe shi da ido, ya ƙi amsawa.

"Kai, Malam!" uwargida ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Yanzu ma sai an gyara?"

"Gaskiyarsa," in ji Tela. "Layin ya yi ɗingishi."

Ya warware layin, ya rage, ya sake ɗinkewa, ya maimaita. Girar ta sauka, amsa ta zo, sai dai yanzu sai an kai kunne kusa.

Da aka iso baitin ƙarshe, Tela ya sa layukansa uku ya ja bakinsa. Ƙirjin Kafinta ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Sannan ya kawo layin farko, ya huta, ya kawo kalmar shahada, daga farkonta har ƙarshenta, a sarari.

"Na ji," in ji uwargida. Ta ajiye kwalin, ta kama hannun mijinta. "Na ji, Malam. Alhamdu lillahi."

Shahadar ce kalmar Kafinta ta ƙarshe. Kafin inuwar katanga ta kai bakin ƙofa, ya cika.

Da aka fara shigowa gaisuwa, Tela ya zame ya buɗe shagonsa. Ya sauko da farin yadi daga kanta, ya shimfiɗa a tebur, ya yanka bai nemi awo a wurin kowa ba. Sannan ya matsa bakin taga inda sauran haske yake, ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura, ya zura shi, ya fara ɗinka likkafanin.