Lambar da ke Jikin Bango

Habib ya zaro mitar motar daga bayan sitiyari, ya juya ta, kashin ɓera ya zubo masa a cinya.

"Baba Hamman, wannan ai ta tashi daga mita, ta koma masai," in ji shi, yana kakkaɓe wando.

Hamman bai yi dariya ba. Yana tsaye a jikin ƙofar motar, hannu a baya. Tun da sassafe ya ɗauko mutumin nan a kan babur daga shagonsa na rewaya, inda yake gyaran wutar mota a cikin garin Mubi, zuwa ƙauyen Bahuli, ba don ya zo ya yi masa barkwanci ba.

Motar ja ce, ƙirar Jamus, ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare. Ta Jonathan ce, abokinsa tun suna yaran mota a tasha. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari ya watse, Jonathan ya shigo da ita gidan nan, ya ajiye a bayan rumbu, don ba za ta ɗauki iyalinsa ba, kuma ba za ta iya hanyar dutse ba. Kafin ya fita ya ɗauki ƙusa ya karce lambar da mita ke nunawa a jikin bango.

"Na rubuta, Hamman. Kar ka je zance da ita."

"Ko taku ɗaya ba za ta yi ba sai ka dawo."

Jonathan wasa ya yi. Hamman kuwa bai iya wasa da magana ba.

Jonathan bai dawo ba. Ya zauna a Jos, ɓarin jikinsa ya shanye, bara ya rasu. Shekara goma sha ɗaya Hamman yana yaye tamfol duk Juma'a, ya tayar da injin, ya bar shi ya ɗumama, ya kashe. Yau da la'asar Dorathy, 'yar marigayin, za ta zo ita da mijinta su ga motar, gobe su tafi da ita. Hamman ya sayar da gyaɗa ya sa wa motar sabbin tayoyi, don tsofaffin sun tsattsage a tsaye. Ya canja baturi, ya zubar da tsohon mai. Mitar ce kaɗai ta rage, wadda ta mutu tun daminar bara.

Habib ya buɗe bayan tsohuwar mitar, ya nuna masa wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake mai ƙafafu takwas.

"A nan ne take ajiye lissafin tafiyarta. Fitsarin ɓera ya cinye shi, kwamfutata ba ta karanta komai." Ya ciro wata mitar daga kwali, 'yar Kwatano, ya jona mata wayoyi. Allurai suka yi tsalle suka koma, fitilu suka kawo. "To, ga ta. Amma ta zo da tafiyar tsohuwar motarta, dubu ɗari biyu da wani abu. Nawa zan sa?"

"Ba nawa za ka sa ba. Abin da yake za ka sa." Hamman ya nuna bango da haɓa. "Dubu tamanin da huɗu da ɗari uku da sha bakwai."

Habib ya dubi bangon, ya yi murmushi, ya fara danna kwamfuta.

"Me ya ba ka dariya?"

"Ba komai, Baba. Duk dillalin da ya shigo shagona, lambar da ya faɗa ita ce ta gaskiya. Kai ne dai na farko da ya zo da bango."

"Ni ba dillali ba ne."

"Na sani. Amma in faɗa maka tun yanzu, akwai ɗan jan ɗigo da zai riƙa fitowa a gefen lambar. Motar ce ke tona cewa an canja mata mita. Injin goge shi ba ni da shi. In da ni ne, da na mayar da matacciyar, in ce ga yadda ɓera ya yi."

"In mayar wa marainiya motar ubanta da ido a mace? Yi aikinka."

Hamsatu, matarsa, tana zaune a bakin ɗaki tana ɓare gyaɗa, ƙafar dama a miƙe kamar taɓarya. Ba ta ɗago kai ba.

"Ƙyale shi, Habibu. Wannan motar ta fi mu gata. Ranar da na faɗi a rafi gwiwata ta fashe, a kan babur ya kai ni asibiti, ana riƙe da ƙafar ta baya. Ita tana nan cikin tamfol tana hutawa."

"An wuce wannan maganar," in ji Hamman.

"Kai ka wuce ta. Ni da ita nake kwana."

Kafin azahar Habib ya gama, ya ɗaure ƙusoshi, ya hau acaɓa ya koma gari. Lambar ta fito daidai da ta bango, ba ragi ba ƙari. Ga ɗigon a gefenta, bai kai ƙwayar gero ba. Hamman ya sa ɗan yatsa ya goga gilashin. Yana nan.

Baƙin sun iso bayan la'asar. Dorathy ta durƙusa ta gaishe su, ta rungume Hamsatu. Da ta ga motar sai ta sa gefen ɗankwali a ido. Hamman ya tuna ta tana 'yar ƙarama, uban yana ɗora ta a cinya tana murɗa sitiyari.

Mijinta, Ishiyaku, bai yi kuka ba. Kayan mota yake sayarwa a Jos. Ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna ya shafa taya.

"Sabbi ne."

"Ni na sa."

"Tsofaffin sun cinye ke nan."

"Sun tsage. A tsaye."

Ishiyaku ya gyaɗa kai. Ya karɓi makulli ya shiga ya murɗa, injin ya tashi bugu ɗaya. Dorathy ta buɗe wani ɗan littafin ubanta, ta karanto lambar, ta leƙa, fuskarta ta washe.

"Daidai, Baba. Ko ɗaya bai ƙaru ba."

Mijin ya kunna fitilar waya ya haska kan ƙusoshin, inda bakin sukudireba ya bar sabon karce. Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya yi wa matarsa magana da Turanci, ƙasa-ƙasa. Hamman bai yi boko ba, amma ya yi shekara talatin a tasha, ya san yadda fuska ke komawa in an ce mata ga ɓarawo.

"Faɗa da Hausa, suruki."

"Ba wani abu ba ne, Baba. An taɓa mitar."

"An taɓa. Yau da safe. Ɓera ya kashe waccan." Ya je ya ɗauko tsohuwar daga kan rumbu ya miƙa masa. "Ga ta."

Ishiyaku ya jujjuya ta. "Wannan ai ba ta magana. Wa ya ba mai gyaran lambar da ya sa?"

"Ni."

"To."

"Ga bango can, da hannun surukinka."

"Na gani, Baba. Bango ya faɗi inda ta tsaya. Bai faɗi inda ta je ba." Ya ajiye mitar a ƙasa a hankali. "Motar da ta yi shekara sha ɗaya a tsaye ba ta tashi bugu ɗaya."

Hamman ya buɗe baki zai yi maganar Juma'o'in, sai ya ji yadda za ta fito: dattijo yana rantsuwa a kan abin da ba shi da shaida. Ya dubi Hamsatu. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ƙafar tana miƙe a gaban kowa. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Dorathy ta matso ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba, don Allah kar ka damu. Ko ka hau, ai kai ma babanmu ne. Shekara sha ɗaya ba kwana sha ɗaya ba ne, dole buƙata ta taso. Da ba ka wahalar da kanka da gyaran lamba ba." Ta matse hannun. "Mun yafe, Baba. Har ga Allah mun yafe."

Da zagi ta yi, da ya san abin da zai mayar mata.

"Na gode," in ji shi.

Suka ce za su kwana a gari, da safe su zo da direba. Ishiyaku ya bar makullin a jiki. Hamman ya raka su bakin hanya ya dawo. Tsohuwar mitar na nan yashe a ƙasa, kaza na tsattsagar wayoyinta.

Ya shiga motar ya zauna, ya tayar da ita. Ya miƙa hannu ya tura ɗaya ƙofar ta buɗe.

"Hamsatu, taso in kai ki gari. An riga an yafe mana."

Ta dubi kujerar, can ƙasa kamar tabarma. Ta dubi ƙafarta.

"Ba ta lanƙwasuwa, Malam. Ta yaya zan shiga?"

Ta jawo wani kwanon gyaɗar gabanta. Hamman ya zauna, hannu a kan giya, injin na gurnani a ƙarƙashinsa. Lambar tana nan yadda take a bango, ɗigon na gefenta. Can ya kashe motar, ya fito ya ja tamfol ya rufe ta.