Koren Zare a Gida Mai Lamba Tara

"To ka ɗauke shi mana," in ji Inna Tela, ko ɗago kai ba ta yi ba daga wuyan rigar da take farkewa. "Ga shi nan, ba ƙafa gare shi ba balle ya gudu. Ka kai shi bola, in ka dawo sai ka gaya mini abin da za a ɗora a wuta ranar ashirin ga wata."

Ɗanta na fari, wanda unguwa ke kira Injiniya, yana tsaye a tsakiyar gareji da takarda a hannu, gumi ya jiƙa masa baya. Tun da aka sha shayin safe suke abu ɗaya. Ya ce shi ba raina sana'arta ya yi ba, ya san da keken ɗinkin nan aka biya masa makaranta tun daga aji ɗaya. Ta ce ai da ya manta da ta tuna masa. Ya ce maganar gida ake yi, gidan da 'ya'yansa ke kwana. Ta ce ita ma ba a kan bishiya take kwana ba.

Takardar daga kwamitin unguwa ta fito. An ji ƙarar keken ɗinki a gida mai lamba tara, alhali dokar unguwa ta hana sana'a a gidan zama. In ba a fitar da keken cikin mako guda ba, za su rubuta wa mai gidan kada ya sabunta musu haya. Yau Alhamis makon ya cika, kuma tun a takardar shugaban kwamitin, Ciyaman, ya ce da kansa zai zo ƙarfe goma ya gani da idonsa. Shi ya sa Injiniya ya nemi izini a wurin aiki.

Unguwar kuwa irin wadda ake ginawa bayan gari ce, mai shinge da masu gadi, inda iska kaɗai ce ba a kawo takardar kuɗinta ƙarshen wata. A biya na shara, a biya na masu gadi, a biya na mai yanke ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci. Ba a shanya a gaban gida. Kanti ɗaya ne, mai sanyi kamar asibiti, tumatir huɗu a kwance cikin faranti an lulluɓe su da leda, farashinsu sai mutum ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Saboda makarantar yara Injiniya ya dawo nan, shi da matarsa Malama, albashi biyu. Kafin a shekara haya ta haɗiye ɗaya ta fara lasar ɗayan. Aka sayar da mota, aka gaya wa maƙwabta wai tana wurin bakanike ana jiran wani ƙarfe daga waje. Shekara biyu ke nan ƙarfen bai iso ba. A gurbin motar Inna ta kafa kekenta, daidai kan tabon baƙin mai.

"Inna, don Allah," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Mutumin nan ba ya wasa da doka. Ko lulluɓe shi mu yi."

"Na lulluɓe shi don na sato shi? Kai dai je ka sa riga mai kyau, baƙo zai zo."

Abin da Injiniya bai sani ba, don da sassafe yake fita sai yamma liƙis, shi ne su waye ke kawo ɗinkin. Ya ɗauka masu aikin gidaje ne da matan masu gadi. Ita kuwa Inna ba ta taɓa gyara masa zato ba. Ta ƙaramar ƙofar baya suke zuwa, bayan maza sun fita, su ƙwanƙwasa sau uku, kowace da ledar babban kanti a hannu kamar daga sayayya take. A ciki kuwa rigar makarantar da za a saki kalmasarta don yaro ya ƙara tsawo, ko wandon da ya goge a mazaunai, ko rigar ofis da wuyanta ya cinye za a juya shi ciki ya koma waje. Kowace sai ta ce na ƙanwarta ne, ko na wata baiwar Allah da take taimaka wa. Inna ta ce Allah ya ba da lada, ta auna ƙugun siket ɗin da ido, ta auna na mai maganar, ta karɓi aikin.

Tsarinta biyu ne. Na farko, kowace da ranarta da sa'arta, ba ta taɓa bari biyu su haɗu ba, har kowace ta ɗauka ita kaɗai ce ta san hanyar ƙofar baya. Na biyu, duk kayan da ya bi ta hannunta sai ta yi masa ɗinki uku ƙanana da koren zare daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Tun tana budurwa take haka, don kada a kawo mata ɓarnar wani tela a ce tata ce.

Ranar da takarda ta zo, Inna ta karanta ta sau biyu da yatsa, ta ninke. A cikin makon duk wadda ta zo sai ta gaya mata gaskiya, cewa an rufe ta, ta dawo ranar Alhamis ta kwashi kayanta. Da ƙarfe nawa? Ƙarfe goma. Haka ta gaya wa kowace, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya ko ta tona asirin wani.

Goma saura kaɗan Ciyaman ya iso, ta ƙofar gaba, cikin kwat mai ruwan toka da ƙamshin turare. Tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, yana tafiya kamar ana ɗaukarsa hoto. Ya gaida Inna da "Mama", ta amsa da "ranka ya daɗe" har da ɗan rusunawa, ta tura masa kujera ya ƙi zama. Ya dubi keken, ya dubi ledojin da aka jera a bango, ya yi gyaran murya.

Ya ce shi ba shi da komai a rai game da ita. Amma unguwa tana da daraja, darajar nan ce mutane ke biya. Yau keken ɗinki, gobe wani ya kawo injin niƙa, jibi a fara kiwon kaji. Wanda ya ga zaman nan ya fi ƙarfinsa, gari da faɗi. Mazauna nan, in ji shi, in kaya ya tsufa bayarwa suke yi su sayi sabo, ba su san faci ba. Injiniya yana gefe yana ta "haka ne, yallaɓai", kunnuwansa kamar su kama da wuta. Inna kuwa hannun kwat ɗin take kallo, tana jin daɗin yadda ya zauna a kafaɗa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar baya sau uku.

"A shigo," in ji Inna.

Matar Likita ce, ta gida mai lamba biyu, wadda ke da motoci biyu a ƙofar gida, ɗaya ba ta motsa ba tun bara. Ta ga Ciyaman ta daskare. Ta ce wucewa take yi ta ce bari ta gaida tsohuwa. Ba ta rufe baki ba aka sake ƙwanƙwasawa. Wannan karon Lauya ce, sakatariyar kwamiti, wadda da hannunta ta buga takardar ta sa hannu a ƙasa. Ta dubi matar Likita, matar Likita ta dubi ledar da ke hannunta, iri ɗaya da tata. Bayansu wasu huɗu suka shigo, ɗaya na bin ɗaya, kowace ta shigo da sallama ta ƙare da tari. Gareji ya cika da turare iri-iri.

Inna ta tashi a nutse ta fara rabo. Ba ta kira sunan kaya ba, lambar gida kawai take faɗa ta miƙa. Ta ba su haƙuri cewa wasu ba ta gama ba, rigunan makaranta ma ko taɓa su ba ta yi ba, ga shi Litinin ake komawa, amma doka ta fi ƙarfinta. Ta ce su gaida ƙannen nasu da bayin Allah da suke taimaka wa.

Matar Likita ce ta fara fashewa da dariya. Ta toshe baki da gyale, abin ya ƙi, ta zauna a kan kujerar da Ciyaman ya ƙi. Ta nuna Lauya ta ce ashe siket ɗin nan da ta yi ta yaba mata a taron iyaye nan ya kwana. Lauya ta ce ita ma ai ta daɗe tana mamakin yadda ɗan Likita ke girma wandonsa na binsa. Nan fa aka ɓarke, kowace na tona kanta tun kafin a tona ta. Injiniya ya saki baki yana kallon matan da yake sunkuyar da kai in motarsu ta wuce shi a hanyar tasha.

Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce wannan abin kunya ne, kuma bai canja komai ba. In wasu sun zubar da girmansu, gidansa dai bai san wannan ƙofa ba.

Aka ƙwanƙwasa sau uku.

Uwargidansa ta shigo da leda biyu. Mace ce mai jiki da natsuwa, shekara talatin da biyar tana auren mutumin nan. Ta gan shi, ta ga taron, ta ajiye ledojin a hankali. Ya tambaye ta me ya kawo ta nan. Inna ta buɗe baki za ta ce kayan wata baiwar Allah ne, Uwargida ta ɗaga mata hannu.

"Bari, Inna, na gaji." Ta juya wurin mijinta. "Maigida, juya hannun kwat ɗinka."

"Wane irin zance ne wannan a gaban mutane?"

"Juya dai."

Ya juya don ya ƙaryata ta. Ga su nan, ɗinki uku ƙanana, kore shar. Ta ce ya duba wuyan rigar ciki ma in yana so, sau biyu ana juya shi. Ta ce tun da ya yi ritaya fanshonsa a kuɗin masu gadi da na ciyawa yake ƙarewa, shi kuma kullum sai ya fita kamar ango, yana tsammanin daga sama kayan ke sabunta kansu? Kwat ɗin ma na marigayi yayanta ne, Inna ce ta rage shi ya zauna masa haka.

"Kuma ya zauna," in ji Inna, don gaskiya ce, ba ta iya haɗiye ta ba. "Duk unguwar nan ba mai kafaɗar ranka ya daɗe."

Lauya ta miƙa hannu ta karɓi takardar daga wurin Injiniya. Ta ce ita ta buga ta, kunya ce ta hana ta magana a taro, yau kuwa kunyar ta ƙare. Kwamiti mutum bakwai ne, ta ƙirga matan gidajen biyar daga cikinsu a tsaye cikin garejin nan, ban da na shugaba. In ana so a kai maganar taron Asabar, to a kai, kowace ta zo da mijinta da ledarta a juya hannun riga. Ba wanda ya ce a kai. Ta miƙa wa Inna takardar ta ce ta yi abin da ta ga dama da ita.

Inna ta juya bayan takardar, ta ga fari ne tas, takarda mai kauri mai kyau. Ta ciro fensir daga ɗankwali ta tambayi matar Likita tsawon ɗan nata yanzu, ta rubuta. Sannan ta dubi ɗanta.

"Kai kuma da ka tsaya kamar an dasa ka, matso mini da keken nan bakin taga. Shekara biyu ina ɗinki a lungu kamar mai laifi."

Injiniya ya naɗe hannun riga. A nan ya ga koren zare a tasa rigar, ya tsaya kallonsa, sannan ya sunkuya ya rungumi keken ya ɗaga shi shi kaɗai, ya tambaye ta ko ya buɗe babbar ƙofar ma iska ta shigo. Ta ce ya buɗe.

Ciyaman ya tsaya yana neman wanda zai kalla. Ya ce za a sake duba dokar, shi dama ya daɗe yana ganin tana da gyara. Keken ya riga ya fara ƙara. Ya gyara wuyan kwat, ya nufi hanyar fita, sai ga shi a rikice ya bi ta ƙaramar ƙofar baya.

"Ranka ya daɗe, a hankali da hammata," in ji Inna, ƙafarta na kan feda. "Yadin ya tsufa, ba ya son fushi."

Bai waiwayo ba. Ya fizgi ƙofar ya fita, ya buga ta da ƙarfin da sai da allurai suka yi tsalle a cikin gwangwani.