Giwar Kalanda

Jagoran gandun dajin ya tsuguna gaban wani tulin kashi, ya tona shi da tsinke kamar likita yana duba majiyyaci.

"Na giwa ne," ya ce. "Ba ta yi nisa ba."

"Haka ka ce da hantsi," in ji Auta.

"Ai ita ma tafiya take yi, Malama."

Mahaifinta yana kujerar bayan mota, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Rabin rayuwarsa ya yi a maɗaba'a yana buga kalandar wannan gandun: giwa guda, kunnuwa a baje, sai dai a sauya shekara a ƙasa. Bai taɓa zuwa ba. Da likita ya ce ɗan ganin da ya rage masa ba zai kai baɗi ba, Auta ta tambaye shi abin da yake so ya gani. Ya ce, giwar nan.

An ce gani ya kori ji. Su dai tun safe ji suke ta yi. Sun ji labarin garken da ya wuce jiya, da zakin da wani baƙo mai sa'a ya hango bara. Abin da ido ya samu bai wuce zabin daji ba, sai wani biri da ya leƙo ta taga ya fizge burodin Baba.

"Wannan kam na gan shi," in ji tsohon. "Da hannuna."

Da la'asar direba ya juya kan mota ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Auta ta kau da kai, tana goge ido da bakin mayafi. Tana jan hanci a hankali, wai don kada a ji.

Daf da ƙofar fita akwai giwar siminti. Fentinta ya ɓare, haure ɗaya ya karye, rodi ya fito.

"Tsaya!" Baba ya buga sanda. "Ga ta can."

Direba ya taka birki. Jagora ya buɗe baki, Auta ta harare shi, ya mayar da maganarsa ciki.

"Ita ce, Baba," ta ce.

"Kowa ya yi tsit," jagora ya raɗa, don aiki aiki ne. "Kada a firgita ta."

Tsohon ya daɗe yana kallon toka-tokar da ke gabansa, yana gyaɗa kai.

"Ashe mun riƙa cika mata launi," ya ce. "To, Auta, kin sauke nauyi. Allah ya yi miki albarka. Bar kukan haka nan."

Mota ta fita titi. Auta ta jingina da kujera, numfashinta ya daidaita, har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai Baba ya sunkuyo kusa da kunnen jagora.

"Dabbar nan taku akwai haƙuri," ya ce. "Da safe ma a jikinta na jingina na ɗaure takalmi."