Taku Goma Sha Bakwai

"Rami na huɗu ke nan, Tela," in ji Injiniya, yana share gumi da bayan hannu. "Ko dai tsohon nan naka ya ruɗe, ko kuwa ƙasa ta haɗiye makullin."

Tela ya tsaya a bakin ramin, takalmansa a hannu, laka har idon sawu. Yau kwana tara ke nan da motar kwasar shara ta yi baya ta tumɓuke famfon shan ruwa na tsakiyar lambun shaƙatawa, kuma tun ranar ruwa bai daina ɓulɓulowa ba. Ciyawa ta ruɓe, benci biyu sun nutse, sauro ya samu gari. Sabon famfo na kwance cikin kwali a bayan mota, amma ba damar kafa shi sai an rufe ruwan tukuna, makullin ruwan kuwa yana binne a ƙasa. Taswirar ofis ta ɓace tun wata ƙaura da aka yi. Mutum ɗaya ne ya san wurin, Baba Sifana mai gyaran famfo, wanda ya binne shi da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, ga shi can kwance, ko juyawa sai an juya shi.

"Jibi in ba mu gan shi ba," in ji Injiniya, "an ba ni umarni in yanke layin daga babban titi, in toshe, in zuba siminti. Famfon ya koma sito. Ba mugunta ba ce, wurare shida ke jirana."

Tela ya ɗauraye ƙafa a ruwan da ke gudu, ya tsallaka titi. Shi ma ya gaji. Ɗinkin mutane ya taru a shago har ya fara kwanar lungu in ya hango masu kayan, ga gwiwa, ga shekaru. Bai san ranar da ya zama ɗan aike tsakanin gadon mara lafiya da bakin rami ba, ya dai tsinci kansa a ciki, don bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Baba Sifana shekara talatin da ɗaya.

Ɗakin na warin man zafi da tsohon ƙarfe. Akwatin kayan aiki na ƙarƙashin gado, matarsa ta yi ta yi a fitar da shi ya ƙi. Ita kanta tana zaune a ƙasa da kofi da cokali, idanunta sun yi zuru-zuru. Tsohon ya ƙare, sai hanci da ido, sai kuma bakin nan da ciwo bai taɓa ba.

"Sun gan shi?"

"Ba su gani ba, Baba."

"Goma sha bakwai na ce. Ka jingina bayanka da babbar bishiya, ka fuskanci ƙofar gabas, taku goma sha bakwai."

"Sun ƙirga. Ni ma na ƙirga, har sau uku."

"Kai? Kai da awon wando ma sai ka yi sau biyu, kuma ya fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Ai naka ne kawai nake yi wa haka, don haka Allah ya yi mai shi."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matar ta harari Tela ta ɗago kan mijinta. Wasan da suka saba ke nan. Tun yana saurayi wani ƙaton bututu ya faɗo wa Baba Sifana a ƙafar hagu, ta warke a gajarce, kuma Tela bai taɓa barinsa ya huta da zancen ba.

Da tarin ya lafa Tela ya gaya masa maganar jibi da simintin. Da ya sani da bai faɗa ba. Tsohon ya ƙura wa rufi ido.

"Haya na zauna har na tsufa," ya ce a hankali. "Ko bulo ɗaya ban aza nawa ba. Abin da na kafa a ƙasa a duniyar nan famfon nan ke nan guda ɗaya, masu shara su sha, masu dako su sha. Ku ɗauke ni ku kai ni, ni zan nuna musu."

"Ba inda za ka," in ji matar. "Mutumin da ruwa ma da cokali yake sha?"

"Yaya, ki bari," in ji Tela. "Gobe da safe zan aro keken marasa lafiya, minti goma mu dawo."

Ya aro keken kuwa. Sai da ya yi tafiyar unguwa biyu kafin ya samu, taya ɗaya na ƙara. Yana turo shi da hantsi, ya shawo kwanar layinsu, ya ga takalma a ƙofar gidan sun fi na kullum yawa. Ya tsaya riƙe da keken a tsakiyar titi har wani mai babur ya yi masa tsawa. Kafin la'asar an kai Baba Sifana makwancinsa.

Washegari Tela ya tashi jikinsa kamar an daka. Baƙin ciki ne, har da haushi, ya rasa ma wanda zai ji haushinsa. Ya ce bari ya je ya sallami Injiniya, bawan Allah ya zuba simintinsa kowa ya huta. Ya fito, ya bi gefen titi zuwa lambun, hanyar da su biyun suka bi kowace yamma tsawon shekaru. Sai da ya kusa ƙofa ya lura yana tafe a hankali, ya matsa dama ya bar wa wani wuri a hagunsa, yana ɗan jinkirtawa bayan kowane taku kamar mai jiran a cim masa. Ƙafafunsa ba su samu labari ba tukuna.

Nan ya tsaya cak.

An riga an sauke buhunan siminti. Injiniya ya taho yana cire hula. "Na ji labari. Allah ya jiƙansa. Ka yi haƙuri, mu ma..."

"Ku ba ni wuri," in ji Tela.

Ya cire takalma, ya shiga laka, ya jingina bayansa da babbar bishiya, ya fuskanci ƙofar gabas. Ya sauke kafaɗar hagu. Ya jefa ƙafar dama cikakken taku, ya jawo ta hagu rabi, ya sake jefa ta dama. Ɗaya daga cikin leburorin ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya zungure shi ya yi gum. Tela na ƙirgawa a fili. Shekara talatin yana kwaikwayon tafiyar nan don tsokana, yau ce kawai mai ita bai ɗaga sifana ya ce zai fasa masa kai ba.

"Goma sha bakwai."

Ramukan nan huɗu suna can gabansa, da tazarar da ta kai tsawon mota.

Injiniya ya dubi agogo, ya dubi Tela, ya yi ajiyar zuciya. "Ku haƙa nan."

Ba su kai gwiwa ba shebur ya daki ƙarfe. Aka kwashe laka da hannu, aka ɓanɓare murfin. Makullin na ciki, an naɗe shi da tsumma da robar taya, an cika shi da giris, an ɗaure da waya tsaf. Injiniya ya warware a hankali. Ya miƙa hannu a ba shi babbar sifana, sai kuma ya fasa, ya kama da hannu ɗaya ya murɗa. Makullin ya juya ba gardama.

Ƙarar ruwan da unguwa ta kwana goma sha ɗaya tana ji ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Biyu daga cikin leburorin suka nufi mota sauko da kwalin. Tela ya zauna a kan buhun siminti, ƙafafunsa cikin laka, yana kallon ruwan da ya kwanta a kan ciyawa yana daina motsi.